Rabin Ranar Laraba

Ranar Larabar da ta wuce ina shanya gyaɗa a tsakar gida, hadari yana haɗuwa yana wargajewa kamar yadda ya saba yi a ƙarshen damina, sai na hango sabuwar maƙwabciyata tsaye a bakin ƙofa tana ta leƙen hanya. Bana suka zo daga Garwa ta ƙasar Kamaru, ita da mijinta da ɗansu guda, kuma a makon nan aka sa yaron a makaranta. Na tambaye ta ko lafiya. Ta ce sha biyu ta wuce yaron bai dawo ba, alhali yau Laraba ce.

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Ta ɓata rai, tana da gaskiya kuwa, don ba abin dariya ta faɗa ba. Na ce ta koma ta zauna abinta, a nan Laraba ba ta da wata alfarma, sai an tashi kowa yaro zai dawo. A can Kamaru ne ake sallamar 'yan makaranta da tsakar rana duk ranar Laraba. Bayan ta koma ɗaki dariyar ta ƙare, na zauna a gaban gyaɗar na kasa ci gaba, domin ni ma na taɓa zama baƙuwa a gidan nan, kuma Larabar nan ta taɓa wujijjiga mu.

Mu Hausawan Garwa ne. Kakanninmu fatake ne da suka je suka zauna, aka haife mu a can, muna Hausa a gida, Fillanci a kasuwa, yaranmu kuma suna Faransanci a makaranta. Maigidana Malam Sale gyaran injin ban ruwa yake yi, ya kuma daɗe yana aiki a Jimeta kafin ya aiko mu taho, ni da 'yarmu Dija. Muka iso a shekarar da kowa yake neman hanyar gudu. Dangi suka ce ba mu da hankali, shi kuma ya ce Yola lafiya lau take, tashin hankalin can arewa yake, wajen Madagali da Michika. Ni a raina gida na dawo, ƙasar kakannina. Sai da na buɗe baki a kasuwa aka ce mini "'yar Kamaru" sannan na san matsayina.

Ɗaki guda muka kama a unguwar Adarawo cikin Yola, a gidan wata tsohuwar Bafillatana da kowa yake kira Dada. Lokacin da muka zo gidan fayau yake, iska tana shiga ta ko'ina. Kafin masara ta yi goyo ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Yau dangin Dada na nesa su yi sallama, gobe maƙwabtan dangin, jibi waɗanda kawai aka nuna musu ƙofar aka ce tsohuwar ba ta kora. Ba ta kora ɗin kuwa. Zaure ya zama ɗakin maza, rumfar girki ta zama ta mata, yara kuma duk inda barci ya kama su nan ne makwanci.

Mutumin Garwa ba a ba shi labarin zafi, amma zafin wannan daminar daban yake. Ruwa zai sauka kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta zama tafki, mu tattare tabarmi mu cunkushe a ɗaki da jarirai da tsofaffi. Da ya ɗauke sai ƙasa ta fara huci, jiki ya yi ta danƙo, sauro ya fito neman nasa rabon. Warin jiƙaƙƙen tufafi da hayaƙin ɗanyen itace ba su bar hancina ba har yau.

Da asuba mukan fita layin ruwa a famfon tuƙa-tuƙa. Idan mun dawo a dama kunu. Da farko kunun gyaɗa ne mai kauri, irin wanda mutanen nan suke alfahari da shi, daga baya gyaɗar ta zama labari, kunun ya tsinke har kana hango gindin kofi. Da rana ba a ɗora tukunya. Sai la'asar a tuƙa tuwon masara, a yi miya da duk ganyen da mata suka samo a bayan gari, yau tafasa, gobe yakuwa, wani lokaci ba ko ɗigon mai. Dada da kanta take rabo, tana zaune a kan turmi. Yara ne farko, sai masu shayarwa, sai tsofaffi, mu masu ƙarfi mu kankare ƙanzo. Idan na ce ita fa, sai ta harare ni ta ce, "Ɓingel am, ni na ci nawa tun kafin a haife ki." Ɗiyata take nufi, haka take kiran kowace mace a gidan.

A cikin wannan hali aka koma makaranta. Na ɗinka wa Dija kayan makaranta da hannuna, na yi mata kitso, ubanta ya kai ta. A Garwa ita ce ta ɗaya a ajinsu, yarinya mai baki kamar rediyo, sai na ce ta yi shiru ko don kunnena ya huta. A nan aka gwada ta da Turanci ta kasa cewa komai, aka mayar da ita baya, cikin yaran da ta fi tsawo. Makarantar ma a cike take. An ba 'yan gudun hijira wasu azuzuwan suna kwana a ciki, aka gwamutsa sauran yaran a waɗanda suka rage, masu benci a gaba, na ƙasa a baya. Dija can ƙurya take zama, jikin bango.

Ta daina magana. Ta dawo ta ajiye jaka ta zauna tana kallon ƙafarta. Rubutunta na can a haɗe yake, a kwance, aka ce ba ya karantuwa. Yara suka sa mata suna Bonju, wai gaisuwar Faransanci, suna binta da shi har bakin hanya. Wata rana ta tambaye ni ko gaskiya ne ta ƙasarmu masu bindigar suke shigowa, don haka wani yaro ya ce mata. Ɗan tuwon da ake yi wa rububi ita sai ta tsakura ta ture wa na kusa da ita.

Malam Sale ya zuba ido na ɗan lokaci, sannan wata safiya yana ɗaure takalmi ya ce, "Maman Dija, yarinyar nan lalacewa take yi a gabanmu. Idan zangon nan ya ƙare ba ta kama ba, zan mayar da ita Garwa wurin kakarta Hajiya ta ci gaba da karatunta."

Na ce, "Ni kuma fa?"

"Ke kina nan mana. Ba ga hutu ba? Za ta riƙa zuwa."

Na san halinsa, in ya faɗi magana yana ɗaure takalmi to ya gama shawara. Dija kaɗai Allah ya bar mini, biyu na binne kafin ita. Ga hanyar iyaka kullum labari marar daɗi, yau a buɗe gobe a rufe. Na san idan ta tafi, zuwan hutun nan a baki kawai zai tsaya. Tun daga ranar nake kallon kowane mako kamar ana yankar mini shi ne daga jiki.

Rana ɗaya ce a mako take dawo mini da 'yata, ita ce Laraba. Rana na take tsaka sai in ji sallamarta, da ƙarfi, irin ta da. Ta cire kayan makaranta ta ninke, ta shiga cikin mata ana tsinkar ganye, ta tara ƙananan yaran gidan tana koya musu ƙidaya da Faransanci, tana dukan ƙasa da kara kamar malamarsu ta can. Ko sau ɗaya ban yi tunanin wani abu ba. Laraba ce, rabin rana ce, haka na tashi na gani. Dada ba ta taɓa shiga aji ba balle ta sani, yaran gidan ba a kai ga sa su makaranta ba, Malam kuwa daga sallar asuba yake fita sai bayan isha'i. Ashe idan aka fita tara ta ƙarshe, sai Dija ta rataya jakarta ta bi ta inda katangar baya ta rushe, inda matan da suke kwana a makarantar suke shige da fice. Daga baya na tambaye ta ba ta ga sauran suna komawa aji ba? Ta ce ta gani, ta ɗauka darasin kuɗi suke yi, ita kuma ba ta so ta ɗora wa Baba nauyi.

Dada tana da gona a Sangere, hayin Binuwai. A shekarar nan masarar gonar ita ce duk abin da gidan ya dogara da shi, kullum lissafin nunarta ake yi. Da ta bushe Dada ta ce ba za a ƙara kwana ba, don yunwa ta yi yawa a gari, masarar da ke tsaye a gona ta kowa ce. Aka sa ranar Laraba. Mata suka tafi tun da sassafe, ni aka bar ni in dafa wake in biyo su da shi. Na ji daɗin haka, na ce in jira Dija mu tafi tare ta sha iska. Tana dawowa kuwa muka kama hanya. A gida ba kowa sai wani tsoho mai ciwon ido da yaran da ke wasa a bayan ɗaki.

Ban taɓa ganin rana irin ta wannan wunin ba. Ganyen masara yana yankar hannu, ƙaiƙayi yana bin wuya, gumi yana shiga ido. Amma ga abinci a gabanmu tuli, sai aikin ya zama kamar biki. Masu karya suna karyawa, masu ɓarewa suna ɓarewa, mu muna cusawa a buhu. Wata mata daga Michika da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗauki waƙa da yarensu, 'yan uwanta suna amsawa. Dija tana ta zirga-zirga da kwando a ka, tana dariya har ana ganin giɓinta. Aka hura wuta aka gasa 'yan ɗanyun da aka tsinta a gefen fadama, ta ci uku ni ina kallo. Wajen la'asar aka yi wani ɗan yayyafi mai ɗumi, wanda ashe shi ne ruwan ƙarshe na shekarar.

Da muka fito titi da buhunanmu ne muka ga abin da ke faruwa. Motoci ne jere daga wajen Girei har iya ganinka, kowace an ɗaure mata katifa da tukwane a sama, mutane a kan buhu, mutane a bayan tirela, wasu a ƙafa ba ko takalmi. Dada ta tare wata mata ta tambaye ta daga ina. Ta ce Mubi, an shiga Mubi, kuma ana cewa Yola suka nufo. Matar nan mai waƙa ta zauna a gefen titi ta rufe fuska da mayafi.

Na laluba wayata in kira Malam, sai na tuna ta mutu tun shekaranjiya, ba wuta. Ban damu sosai ba, tunda a ganina ya san inda muke. A bakin gada sojoji suna sauke kowa, a ɗaga hannu a wuce ɗaya bayan ɗaya. Haka muka tsallaka a ƙafa, buhu a ka, ruwan Binuwai ya cika ya yi ja a ƙarƙashinmu, Dija tana riƙe da bakin zanena. Kafin mu sami motar da za ta kai mu Yola, rana ta faɗi.

Abin da ya faru a bayanmu, daga baya na ji shi. Labarin yana isa kasuwar Jimeta aka hau rufe shaguna, iyaye suka ruga makarantu. Malam ya bar shagonsa a buɗe ya taho. Ya tarar da malamar ajin, Madam Uche, wata Inyamura da aka haifa a garin nan, ta tsare ƙofa da jikinta tana miƙa kowane yaro hannun mai shi. Ya ce ya zo ɗaukar Dija. Ta waiwaya ƙuryar, ba yarinya ba jaka. Ya zo gida, tsohon nan ya ce mata sun tafi gona, shi bai ga kowace 'yar makaranta ba. Malam ya san zan je gona, amma me zai kai yarinyar da ke aji can? Ya koma makarantar, ya bi magudanan ruwa yana leƙawa, ya je tasha inda ake ta sauke mutane, ya je asibiti, ya je wurin 'yan sanda. Madam Uche tana sallamar yaron ƙarshe ta bi bayan Malam, nata yaran ma maƙwabciya ta bar wa.

Ana idar da magariba muka iso. A ƙofar zaure na ga mutum zaune a ƙasa, ba hula, ƙafafunsa duk taɓo. Sai da na matso na gane mijina ne. Kusa da shi wata mata tana tsaye da takalmanta a hannu. Dija ta wuce ni da ɗan ƙullinta a ka, ta ce, "Baba, ga masara!"

Ya ɗago ya dube ta. Sai ya miƙa hannu ya kama wuyan hannunta.

"Ina kika je?"

"Gona, ni da Inna."

"Makarantar fa?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Yau Laraba ce fa, Baba."

Madam Uche ta ce, "Laraba ya yi mene?"

Ni na yi bayani, ina yi murya tana raguwa, don tun ban kai ƙarshe ba na gane daga fuskarta cewa ba haka ake yi a nan ba. Ta tambaya tun yaushe. Na ce tun makon farko. Ta saki takalman suka faɗi, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Chineke! Kowane Laraba yarinyan nan yana tafiya, ni ban sani ba? Yana cikin aji na, ni ban gani ba?" Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka. "Oga, no vex. Yara ya yi yawa, wallahi ya yi yawa. Shi kuma ba ya magana."

Dada ta ce kuka ya isa haka, yau a garin nan akwai waɗanda suka fi mu dalilinsa, a shiga da masara. Aka shiga. Wasu sababbin baƙi suka yi sallama kafin a gama sauke buhunan, aka matsa musu.

Ni dai na san tawa ta ƙare. Yarinya ba ta kama karatu ba, ga shi ashe ma guduwa take yi da sanin uwarta. Na zuba masa tuwo na koma gefe ina jiran hukunci. Ya ci da dama, hagunsa tana riƙe da hannun Dija, ko da zai wanke hannu bai sake ta ba. Can na ce, "Malam, ka yi haƙuri. In ma Garwar ce, ka bari a ƙarasa zangon."

Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya ce, "Wace Garwa? Wuni ɗaya ban san inda take ba, na shiga ɗakin ajiye gawa ina buɗe fuskokin 'ya'yan mutane. Ba inda za ta. Ko shekara goma za ta yi a aji ɗaya, a gabana za ta yi su."

Na tashi na shiga rumfar girki, na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Washegari Madam Uche ta ɗauko Dija daga ƙurya ta dasa ta a bencin gaba, daidai ƙarƙashin hancinta. Ta ce tunda Laraba ce ranar gudunta, to ranar ce za ta fi kowa daɗewa. Duk Laraba in an tashi sai ta riƙe ta, su zauna a gindin darbejiya tana nuna mata abu tana faɗin sunansa, ita kuma Dija tana faɗa mata na Faransanci suna yi wa juna dariya. Na kai wa malamar masara a kwano ta karɓa, na kai kuɗi ta kusa zagina. Zangon ya ƙare Dija tana kusa da na ƙarshe. Malam ya duba sakamakon ya ce madalla.

Yanzu gidan ya koma fayau. Waɗansu sun koma garuruwansu, waɗansu sun yi gida a nan. Dada ta rasu, gonar Sangere an gina ɗakunan ɗalibai a kanta, katangar makarantar an ɗaga ta har da waya a sama. Kunu ya koma kaurinsa, har ina samun gyaɗar shanyawa. Faransancin Dija ya gudu, sai ƙidaya kawai ta rage mata, ita ma in tana fushi. Tana koyarwa a wata firamare a Girei, kuma an ce takan fara kiran suna ne daga 'yan ƙurya.

Ita ce ta tona mini asirin ubanta. Ta ce duk ranar Laraba, rana na take tsaka, sai wayarta ta yi ƙara tana cikin aji. Bai taɓa faɗin dalili ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

"Kina ina?"

"Ina makaranta, Baba."

"To, zauna nan."

Sai ya kashe.